Ramukan Layinmu

Duk wanda ya shigo layinmu a Haɗeja, abin da zai fara cin karo da shi ramuka ne. A ƙofar kusan kowane gida akwai rami, wani an rufe shi da tsohon kwanon rufi, wani da katako, wani kuma a buɗe yake yana jiran akuya ko baƙon da bai san hanya ba. Baƙi kan tambaye ni ko lambatu ake haƙa mana. Ba lambatu ba ne. Ta nan muke ɗiban ruwan famfo, kuma a kan ramukan nan na yi faɗan da ban taɓa yin irinsa ba tun da aka kawo ni layin, saboda wata tsohuwa da ke zaune a gida na ƙarshe.

Bari in faɗi yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Bututu ɗaya ne ya shigo daga bakin titi, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya ratsa ƙofar gidajenmu har ƙarshen layi. Lokacin da nake amarya, in aka sako ruwa, famfon tsakar gidanmu zuba yake da ƙarfi har ya fantsamo min a zane. Sai gari ya yi ta faɗaɗa, unguwanni suka tsiro a inda a da ake noman gero, ruwan da ake turowa kuwa bai ƙaru ba. Ƙarfinsa ya yi ta raguwa har ya kai ba ya iya hawa zuwa bakin famfo. Ka murɗa, ka ji iska tana huci, shi ke nan. Ana nan sai wani mai wayo ya gano cewa in ka tona ƙasa ka iske bututun, ka huda shi, ka tara bokiti a ƙarƙashinsa, ruwan da ya kasa hawa sama zai gangaro maka. Ya tona, ya samu. Na kusa da shi ya ga nasa famfon ya ƙafe gaba ɗaya, shi ma ya kira mai diga. Kafin a ankara layin ya koma kamar gonar da aka tone rogo.

Kuma ba a sa wa hudar kan famfo, wai ɓarayi za su kwance. Totuwar masara ake naɗewa da leda a cusa. In an sako ruwa babu kowa a kusa, sai totuwar ta fice, ramin ya cika ya tumbatsa, ruwan sha ya malale a kan hanya agwagi su yi ta wanka. Na sha tsayawa a soro da jarka babu ko ɗigo a ciki, ina kallon ruwan da ya kamata ya iso gidana yana gangarawa kwata daga ƙofar wani. A garin da rana ke dafa mutum rabin shekara! In na yi magana a ce na cika mita.

Gida biyu ne kawai ba su da rami: namu da na tsohuwar. Mu ne na kusa da ƙarshe, ita ce ƙarshe. Kowa a layin Mama yake ce mata. Mutuniyar Filato ce, ta zo Haɗeja tana yarinya tare da mijinta da aka turo aikin asibiti, ta yi koyarwa a firamare har ta yi ritaya. Rabin magidantan layinmu ita ta riƙe musu hannu suka koyi rubutu. Mijin ya rasu, a nan aka binne shi, 'ya'yan suka watse neman abinci, ita kuma ta zauna. Hausarta ta fi tawa gishiri, tuwon shinkafarta da miyar busasshen kifi kuwa babu Bahaɗejiyar da za ta kushe. Ranar Lahadi in ta taso daga coci sai ta biya kasuwa, ta dawo da ƙullin ɗanwake ko gyaɗa ga yarana. Lokacin da na haifi 'yar farina, uwata tana Kaugama ba ta da lafiya, Mama ce ta yi ta dafa min ruwan wankan jego har na yi arba'in.

Ita ba za ta amfana da rami ba ko ta haƙa, domin abin da ke isa ƙarshen layi ragowa ne. Abin da ta yi shi ne ta sa aka gajarta mata famfonta har ya kusa taɓa ƙasa, ta ajiye ƙaramin kwano a bakinsa. In an sako ruwa, bayan duk masu ramuka sun ƙoshi, wani siririn zare kan zubo mata, ta yi ta tarawa tana juyewa a randa. Da wannan take sha, take girki. Wanki kuwa sai ta jira 'yan garuwa.

Mu kuma dalilin rashin raminmu maigidana ne. Malamin makaranta ne, mai sanyin magana da taurin kai, irin mutumin da zai ce maka a'a yana murmushi. Na yi magiya, na yi fushi, na yi kwana da kwanaki ba na masa hira, a kan ya kira mai haƙa kamar kowa.

"Malam, mu kaɗai ne masu tsoron Allah a layin nan? Dubi randa, ko na alwala babu."

"In muka haƙa, ɗan zaren da ke isa gidan Mama a ƙofarmu zai tsaya," in ji shi. "Sai ki je ki faɗa mata da bakinki."

Ba zan iya faɗa mata ba, ya kuma san ba zan iya ba. Sai in yi tsaki in koma kan keken ɗinkina. Haka muka rayu, muna sayen ruwa wurin 'yan garuwa, famfonmu na tsaye a tsakar gida ya zama wurin rataye tsumma.

Abin ya lalace ne a wata bazara da zafi ya yi tsanani. Gidan farko a bakin titi na wani Alhaji ne, dillalin shinkafa da barkono, wanda shi ma ɗalibin Mama ne a da. Ya ga ramin ƙofarsa bai ishe shi ba, sai ya sa aka zurfafa shi, aka faɗaɗa, aka shafe da siminti, ya zama tafkeken tanki a ƙarƙashin ƙasa. Duk ruwan da ya shigo layin sai ya fara cika cikin wannan dodon kafin ya wuce. Na biye da shi suka ga nasu ya ragu, su ma suka ƙara zurfi. Kowa na tsere da maƙwabcinsa zuwa ƙasa. Zaren Mama ya koma ɗigo, ɗigon ma ya ɗauke. 'Yan garuwa kuma a irin wannan lokaci ba sa ƙarasowa ƙarshen layi, tun a bakin titi ake tare kurarsu a sauke jarkokin.

Mama ba ta iya roƙo ba. Muna aika mata daga abin da muka samu, amma abin da muke samu ɗin nawa ne? Wata safiya ta hangi ramin wani gida a tsakiyar layi ya cika yana malala, masu gidan ba su fito ba. Ta ɗauki bokiti ta je. Ta durƙusa a bakin ramin, laka ta kwashe ƙafarta, ta faɗa ciki ta gefe guda. Ihun yara ne ya fito da ni. Na tarar da ita a cikin caɓi har ƙugu, ɗankwalinta yana yawo a kan ruwa, tana ta ba mutane haƙuri kamar ita ta yi laifi. Wallahi ranar na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Matar da ta haura saba'in, wadda ta koya wa mai ramin nan ƙirga, ita ce ake cirowa daga ƙofar gidansa kamar tunkiyar da ta faɗa rijiya.

Ba ta karye ba, amma ƙugunta ya bugu, ta yi makonni ba ta taka ƙafar sosai. Babban ɗanta da ke aiki a Jos ya zo a gigice. Na same su a ɗakinta suna ja-in-ja, na zauna a bakin ƙofa da kwanon kunu a hannu.

"Mama, ki haɗa kayanki mu tafi. Ba zan zauna can ina jiran a kira ni a ce kin mutu a ramin wani ba."

"In je in yi me? Wa na sani a can? Babanku yana nan kwance, ni kuma in bar shi? Sanyin can ma yanzu ƙasusuwana ba sa ɗauka."

"To ruwa fa?"

"Ruwa zai dawo."

Ya juyo ya dube ni. Yaron kirki ne, tare suka yi ƙwallo da ƙannen mijina. Ya ce, "Anti, ke shaida ce. Na bar ta saboda ta nace. Amma duk ranar da na dawo na murɗa famfon nan babu ruwa, da ita zan koma. Ba na son ganinta da bokiti a ƙofar kowa."

Ban ga laifinsa ba. In uwata ce, da ko kwana ɗaya ban ƙara mata ba. Amma na san abin da tafiyar ke nufi a wurinta. Da ya fita ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, kada ku bari a ɗauke ni. Nan ne gida."

Abin da ke ƙona min rai da mutanen layinmu shi ne, ba wai ba su iya haɗa kai ba ne. Na gan su da idona. Duk daminar da kogi ya cika ya fara barazanar ɓalle jinga, waɗannan mazajen ne ke fita kwansu da kwarkwatarsu, Alhaji da ɗan acaɓa kafaɗa da kafaɗa, suna cika buhuna da ƙasa suna miƙa wa juna, mu mata muna aika musu da abinci. Babu mai cewa wannan ɓangaren jingar ba saitin gidana ba ne. In ruwa zai cinye su, sun san su ɗaya ne. In ruwa za su sha, kowa ya san ƙofar gidansa kawai. Na faɗa wa Malam haka, na ce in ya isa ya je ya faɗa musu.

Ya kuwa je. Ya bi gida gida, bayan sallar la'asar da bayan magariba, yana bayani da sanyin muryar nan tasa. Ya ce ruwan da ke shigowa bai kai na da ba, wannan gaskiya ne, amma ramukan ne ke kashe ɗan ƙarfin da ya rage. In aka toshe hudojin gaba ɗaya a rana ɗaya, ruwa zai taru a bututu ya hau famfon kowa, ko da a hankali ne. Wasu suka ce sun yarda in wane ya yarda. Wane ya ce sai Alhaji ya fara. Malam ya haɗa da liman da mai unguwa. Liman ya yi magana a kan haƙƙin maƙwabci har wasu suka sunkuyar da kai. Faɗuwar Mama ma ta taimaka, don kowa ya ga abin da idonsa. Da aka je wurin Alhaji, ya buɗe hannu ya ce, "Haba, Malamata ce fa! Ni zan hana ta ruwa? A toshe nawa da farko."

Ranar wata Asabar aka kira mai gyaran famfo. Ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya yana yanke inda aka huda yana haɗawa da sabon guntu, matasa na biye da shi da shebur suna mayar da ƙasa. Na Alhaji ba a cike shi ba saboda simintin, an dai toshe hudar aka ɗora masa murfi. Zuwa yamma layinmu ya zama hanya kamar ta mutane, har mai kura ya shigo bai yi kwana-kwana ba.

Washegari aka sako ruwa ina tsakiyar ɗinki. Na ji wani tari daga tsakar gida, na ɗauka akuya ce ta shigo. Famfona ne. Ya yi tari, ya tofar da jar ƙasa, ya yi shiru, sannan ya fara zuba. Ba da ƙarfi ba, kaurin ɗan yatsa ne, amma daga sama yake zubowa, ina tsaye a kan ƙafafuna, ba durƙuso a laka ba. Na fizge tsummokaran da ke rataye a jikinsa na yar. Ban tsaya tara bokiti ba na zari hijabi na yi gidan Mama. Na tarar da ita zaune a kan kujera 'yar tsugunno, kwanonta ya cika ya zube, ta kira ɗanta ta kara wayar a bakin famfo.

"Kana ji? Kana ji ko? Wannan ba ruwan sama ba ne, famfona ne!" Ta miƙo min wayar tana dariya da hawaye. "Faɗa masa, 'yata, don ya ce na iya shirya zance."

Na faɗa masa. Ya yi ta godiya, ya ce a gaishe da Malam.

Mun ɗan ji daɗi na wasu makonni. Kowane gida na samun abin da zai ishe shi in ya yi haƙuri ya tara. Ruwa ya daina kwanciya a hanya, sauro ya ragu. Mama ta fara takawa da sanda, har ta shuka yakuwa a bayan ɗakinta tana ba ta ruwan wanke-wanke. Ni kuwa na riƙa yi wa Malam kallon wani babban mutum, ko da yake ban faɗa masa ba, kada kansa ya kumbura.

Sai bikin 'yar Alhaji ya taso. Biki ne na gaske, dangi daga Birniwa da Kiri Kasamma, motoci har bakin titi, manyan tukwane a jere a ƙofar gida. Mu ma an gayyace mu, ni na ɗinka wa ƙannen amarya ankonsu. Ana saura kwana kaɗan a fara, na murɗa famfona na ga zubarsa ta ragu da rabi. Na leƙa waje. Murfin tankin Alhaji a jingine yake da bango, tiyo ya fito daga ciki ya shige gida.

Malam ya je ya same shi. Ya dawo ya ce min, "Ya ce na kwanakin biki ne kawai. Baƙi sun yi yawa, famfo ba zai riƙe su ba. Da an watse zai toshe."

"Kai kuma ka yarda?"

"To me zan ce wa mutum ana bikin 'yarsa?"

Nan ne inda aka cuce mu, kuma da al'adarmu aka cuce mu. A garin nan ba a yi wa mai biki ƙorafi. Ko hanya ya tare da rumfa, kewayawa ake yi a ce Allah ya sanya alheri. Wanda ya buɗe baki shi ne mai baƙin ciki. Mutumin da ke iya sayen shinkafa tirela guda ba zai kasa kiran motar ruwa ta cika masa durom na kwana uku ba. Amma me zai sa ya wahala, ga bututun jama'a a ƙofar gidansa, ga kuma biki da zai rufe bakin kowa?

Maƙwabcin Alhaji bai jira an watse ba. Ya ga famfonsa ya koma huci, matarsa ta tasa shi gaba, ya ɗauko shebur da kansa. Ƙasar ma ba ta gama zama ba, tonon bai ba shi wuya ba. Na biye da shi ya ce shi ba wawa ba ne. Ranar da ake kai amarya, ina tsaye cikin mata ana guɗa, ina hango ramuka uku sababbi fil a bayan rumfa. Aka watse, baƙi suka koma garuruwansu, aka kwashe tukwane. Murfin tankin bai koma ba. Malam ya je, aka ce masa gobe. Ya koma, aka ce mai gyaran ne bai zo ba. Ya sake komawa, Alhaji ya ce, "Malam, ai yanzu ko na toshe babu amfani, dubi sauran duk sun buɗe." Sauran kuma suka ce su toshe a kan me, alhali na bakin titi a buɗe yake? Liman ya ce ya yi nasa. Mai unguwa ya ce a yi haƙuri, damina ta kusa.

Famfon Mama ya ƙafe ƙaf. Ta ce kada mu faɗa wa ɗanta. In ya kira sai ta ce lafiya lau, ruwa sai godiya.

Ranar da na shiga na tarar tana tace ruwan ɗaurayar kwanuka da ɗankwali don ta sake amfani da shi, ban san lokacin da na fita ba. Na wuce kai tsaye gidan Alhaji. Na tarar da matarsa, Hajiya, a tsakar gida, 'yan aiki na wanke siminti da tiyo, ruwa na bin rariya yana fita waje. Ko zama ban yi ba.

"Hajiya, tsakar gida kuke wankewa da ruwan sha, tsohuwa tana can tana tace ruwan wanke-wanke?"

"Ikon Allah! Maman yara, ko gaisuwa babu?"

"Ina wuni. An ce na kwanakin biki ne. Amarya har ta zo ganin gida, bikin bai ƙare ba?"

Ta gyara zama ta ce, "Wannan maganar maza ce, ni ban san komai a kan bututu ba. In Mama ruwa take so, ai sai ta aiko. Wallahi ko jarka goma ne a ba ta. Mu da Mama ai ba ta haka."

"Ba sadaka take nema ba! Famfonta take so ya kawo. Haƙƙinta ne kuke tarewa a ƙofar gida, sannan ku ce ta aiko ku sammata?"

"To ke ce lauyarta?"

Na faɗi maganganu da yawa bayan wannan, wasu ma ba su kamata a rubuta ba. Ban yi nadamar ko ɗaya ba. Abin da ya biyo baya dai shi ne, kafin magariba labari ya zagaye layi cewa matar Malam ta je ta ci mutuncin Hajiya a gidanta saboda hassadar biki. Aka daina kawo min ɗinki daga gidaje da dama. Maganar rami kuwa ta ɓace, aka koma maganar rashin kunyata. Har aka turo dattijai su ba Malam shawara ya ja wa iyalinsa kunne. Ya saurare su, ya raka su ƙofa, ya dawo ya ce min, "Da kin gaishe ta tukuna." Iyakar faɗan da ya yi min ke nan.

Mun yi ta kai wa Mama jarka a ɓoye, muna cika mata randa, muna fatan damina ta sauka kafin ɗan ya zo. Bai faɗa zai zo ba. Wata Juma'a da hantsi na ji tsayuwar mota a bakin layi, don ba ta iya shigowa saboda ramuka. Na leƙa na gan shi yana tahowa a ƙafa, yana tsallake su ɗaya bayan ɗaya, yana kallon kowanne. Bai tambayi kowa komai ba. Na bi bayansa. Ya shiga, ya gaishe da uwarsa, ya durƙusa a gaban ɗan gajeren famfon ya murɗa. Iska ta yi huci ta ɗauke. Ya taɓa kwanon da ke ƙasa, ƙura ce a ciki.

Mama ta ce, "Yau ne kawai ba su sako ba."

"Mama," ya ce, bai ɗaga murya ba, "yau ne kawai?"

Ta dube ni, wai in mara mata baya. Amma ta yaya? Ƙarya ce zan yi wa mutum a kan ran uwarsa, kuma ga ƙura a kwano. Na sunkuyar da kai.

Kwana biyu aka yi ana haɗa kaya. Ni na naɗe mata zannuwanta. Ta raba tukwanenta da kujerunta ga matan layi, har da waɗanda mazansu suka fara tonon. Ranar Lahadi da sassafe ɗan ya kai ta maƙabarta ta yi sallama da mijinta, ta dawo idanunta jawur.

Da za su tafi, layin gaba ɗaya ya fito. Wannan ne abin da har gobe ba zan gane ba. Maza suka yi ta ɗaukar akwatuna a ka suna kai wa mota, suna kewaye ramukansu. Mata na kuka da gaske, ba na munafunci ba, hawaye shaɓe-shaɓe. Wannan ta kawo busasshen kifi, waccan ta kawo kwanon shinkafa, wani ya kawo ƙullin barkono. Ana ta cewa, "Mama, kin tafi kin bar mu da kewa," "Mama, wa zai maye mana gurbinki?" kamar wani ne daga wata ƙasa ya zo ya ƙwace ta. Alhaji da kansa ya riƙe mata ƙofar mota, ya cire hula ya ce, "Malama, a yafe mana in mun yi kuskure." In mun yi!

Sai ga Hajiya ta fito da 'yar aikinta a baya, ɗauke da babbar kula. Ta buɗe ta nuna: ruwa ne mai sanyi, har da ƙanƙara a ciki.

"Mama, ga wannan ku sha a hanya, tafiyar da nisa, ga zafi."

Na matsa gaba, Malam ya riƙe min gefen hijabi. Mama ta sa hannu biyu ta karɓa, ta ce, "Na gode, 'yata. Allah ya yi albarka." Ta sa aka ajiye kular a ƙarƙashin ƙafarta. Sannan ta miƙo hannu ta taga ta kamo nawa, ta jawo ni kusa yadda babu mai ji sai ni.

"Ki ce wa Malam ya haƙa ramin. Yanzu babu kowa a bayanku."

Motar ta tashi. Jama'a suka yi ta ɗaga hannu har ta hau titi, sannan kowa ya juya, don an ce yau za a sako ruwa da wuri, kada a bar totuwa ta fice babu bokiti a ƙasa.